Kaduna Cikin Marka da Kyamarar da Ba Ta Gudun Ruwa

Duk tallar da za ka gani ta ƙananan kyamarorin nan masu jure ruwa, teku ne shuɗi garau da wani Bature yana bin kifaye masu launi-launi. Mu nan Arewa ina muka ga wannan? Ruwanmu na kogi ne da tafki da kududdufi, da damina ja wur saboda laka, da rani kuma ya janye ya bar yashi. Shi ya sa da wani abokina mai shagon gyaran waya ya nuna mini wata ta hannu da aka kawo masa, dariya na fara yi. Daga baya na koma na saya, don kowace damina sai na ga abin da ya cancanci hoto, na kuma kasa fito da wayata saboda tsoron ruwa.

Matar yayana ta haihu a Kaduna cikin watan Agusta, marka ta kankama, na ce to ga ranar gwaji ta zo. Da sassafe muka tashi daga tashar Unguwa Uku a Kano, tafiyar kusan kilomita 230, ta Kwanar Ɗangora da Tashar Yari da Zariya. Masara da dawa sun yi kore shar hagu da dama. Abu na farko da ya burge ni shi ne saurin tashinta. Lensinta a kwance yake cikin jiki bayan wani gilashi mai kauri, ba ya zurowa waje, kana danna makunni ta shirya. Da muka doshi Jaji na mayar da ita aljihu. Ba a wasa da kyamara kusa da barikin soja, Kaduna kuwa gari ne mai barikoki, duk mai yawon hoto a cikinsa ya riƙa duba inda yake nuna ta.

Tun daga Mararrabar Jos hadari ya haɗo, muna sauka Kawo ruwa ya ɓarke. Kowa ya ruga ƙarƙashin gada, masu waya suna neman leda suna ƙunshewa. Ni kuwa na rataya jakata a kafaɗa na fito tsakiyar ruwan, mutane suna kallona kallon wanda ya fara taɓuwa. Na ɗauki masu Keke sun sassauke labule suna keta ruwan da ya kwanta a titi. Na ɗauki wata mai dafaffiyar masara ta kifa murfin roba a ka, tururi yana tashi daga bokitinta, bayan na ce mata, “Hajiya, in ɗauka?” ta ce in dai zan saya. Na ɗauki wani dattijo ya naɗe babbar rigarsa ya saɓa, takalmansa a hannu.

A nan na gane amfanin maɓallan gaske. Wayar da ake shafawa, da zarar fuskarta ta jiƙe sai ta rikice, ka taɓa nan ta buɗe can. Wannan kuwa komai nata dannawa ake yi, ko da yake maɓallan suna da ɗan tauri saboda robar da aka yi musu shinge da ita, kuma ƙanana ne a cushe wuri guda. Mai manyan yatsu zai sha danna biyu a lokaci ɗaya. Babbar matsalar ita ce ɗigon ruwa a kan gilashin gaba. Ɗigo ɗaya tak ya isa ya shafe fuskar mutum, kuma a ƙaramin sikirin ɗin ba ka lura sai ka koma gida. Gogewa da babban yatsa ƙara dagulawa yake yi. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in sunkuyar da ita ƙasa har sai lokacin ɗauka, in yi mata rumfa da tafin hannun hagu, in kuma ajiye busasshen ƙyalle cikin leda a aljihun gaba.

Na isa gidan Yaya a Unguwar Rimi sharkaf. Babban ɗansa ne ya fara karɓar ta yana juyawa.

“Kawu, wannan ta wasan yara ce?”

Na ce ya jefa ta cikin bokitin da ke tarar ruwan indararo. Ya dubi babansa, ya dube ni, ya ƙi. Da na jefa da kaina sai uwarsa ta yi salati daga ɗaki. A jikinta an rubuta cewa tana jure nutso har mita 15, da faɗuwa daga tsayin mita 2, nauyinta kuma bai wuce giram 250 da 'yan kai ba. Tana da dangi a kasuwa: akwai jerin Tough na Olympus, wanda yanzu yake fitowa da sunan OM System, akwai WG na Ricoh, akwai Coolpix W300 ta Nikon da aka ce mita 30. Yaron ya ce ai wayar abokinsa ma tana shiga ruwa. Gaskiya ne, manyan wayoyi da yawa suna da shaidar IP68, wadda ga yawancinsu take nufin mita 1.5 na minti 30 a ruwa mai tsabta. Sai dai idan ruwan ya shiga, kamfani ba ya ɗaukar nauyin gyara, kuma wayar da mai gyara ya taɓa ɓarewa ya canja mata sikirin, wannan shaidar ta riga ta tafi.

Ranar suna ce ta tona asirinta. Da safe a ƙofar gida, wajen raɗin suna, hotunan maza sun fito tsaf: tabarmi, faranti na goro da dabino, liman ya ɗaga hannu. Ko a nan ma sai da na yi kokawa da abu guda. Farar shadda da baƙar fuska a hoto ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne ga ƙaramar kyamara. In ta gyara rigar ta fito da zanenta, fuskar sai ta dushe. In na ƙara haske fuskar ta fito, rigar da sararin sama su koma fari fat ba komai a ciki. Na zaɓi fuska, don ba wanda zai ajiye hoton riga. Ga wanda ke kusa, kunna filas da rana tsaka yana raba gardamar, ko da yake yana sa goshi ƙyalli.

Da yamma aka ce in shigo cikin gida in ɗauki maijego da jaririya da 'yan barka. Falo ne mai labule masu kauri, ƙwai ɗaya a sama, waje kuma hadari. Na ɗauka, na ɗauka, na miƙa wa matar Yaya. Ta duba, ta taɓe baki.

“Kai, malam mai hoto, wannan ai ta mayar da ni tsohuwa. Kawo wayata.”

Ba ta yi ƙarya ba. Fuskokin sun fito kamar an watsa musu tsakin gero, adon leshin ya cakuɗe, duk wadda ta ɗan motsa hannu ta zama inuwa. Wata ƙanwarta ta ɗauka da wayarta a wuri ɗaya, hoton ya fito fes. Aka yi ta yi mini tsiya har aka watse.

Dalilin a fili yake. Sensar da ke karɓar haske a cikin kusan duk wannan jinsi ita ce wadda ake kira 1/2.3, faɗinta kusan milimita 6 ne, tsayinta 4.5. Ta manyan kyamarorin masu hoton biki milimita 36 ce da 24, wato ta ninka wannan wajen sau 30. Ƙaramin fili ƙaramin haske yake tara. In haske ya yi ƙasa sai kyamarar ta ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda take ƙara ƙarfin ɗan hasken da ta samu, ƙura ta cika hoton, sannan ta bi da goge ƙurar, ta goge har da gashin gira. A tawa, daga 100 zuwa 400 lafiya lau. Da ta haura 800 sai haƙuri. Ita waya, ko da sensarta ba babba ba ce, hotuna da yawa take ɗauka a ƙiftawar ido ta harhaɗa su ta fitar da guda, kwamfutar cikinta ce ke yin aikin. Kuma kada yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, ya ruɗi kowa. Akwai masu 12, akwai masu 16 da 20, duk a kan wannan ɗan fili ɗaya. Yanka shi gida-gida da yawa ba ya ƙara masa haske.

Washegari na gangara bakin kogi ta wajen Kabala. Kogin Kaduna daga tuddan Filato yake tasowa, ya ratsa garin ya raba shi arewa da kudu, ya wuce Shiroro inda aka datse shi don lantarki, sannan ya faɗa kogin Neja. Wanda ya san shi da rani, duwatsu a waje da masu wanki da masu ɗibar yashi a tsakiyarsa, ba zai gane shi a Agusta ba. Ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da ciyayi da rassan itace da robobi. Gidajen da ke kusa da gaɓa kana ganin zanen da ruwan bara ya bari a katangunsu.

Na tarar da wani tsohon masunci yana ɗinke birginsa, ragar nan da ake wurgawa, a gindin bishiya, kwale-kwalensa a ɗaure. Na gaishe shi, muka taɓa hira, na roƙe shi ya ɗan zaga da ni. Ya ce tsakiya ba ta shiguwa a wannan watan, amma zai bi da ni gefe-gefe inda ruwa ya kwanta cikin ciyawa, can ne ma kifi yake fakewa. Ya dubi abin da ke hannuna.

“Wannan abin naka, in ya faɗa ruwa fa?”

“Ba ya lalacewa, Baba.”

“Ban ce lalacewa ba, ɗan nan. Yana tasowa?”

Na ce a'a, nutsewa yake yi.

“To ɗaura shi a hannu. Abin da kogin nan ya karɓa yanzu, sai dai ka je ka tambayi mutanen Shiroro.”

Na zura hannu cikin igiyarta na zarge. Tambayar tsohon ta fi duk abin da aka rubuta a kwalinta muhimmanci. Jikinta sumul ne, wurin riƙon ɗan tudu ne kawai, in hannu ya jiƙe da laka santsi take yi. Ana sayar da wata igiya mai soso da ke sa ta yi iyo, duk mai niyyar hawa jirgin ruwa da ita ya nema.

A cikin kwale-kwalen nan ne ta biya kuɗinta. Na sauke ta har ta taɓa ruwa, rabin gilashin a ciki rabi a waje, na ɗauki tsohon daga ƙasa yana tsaye ya karkace zai wurga birgi. Na sa ta a ɗauka-a-jere, ta kama birgin tun yana dunƙule a kafaɗarsa har ya buɗe ya zama da'ira a sama, dalmar bakinsa tana walƙiya, ɗigon ruwa a tsaye cak a iska. Rana ta ɗan leƙo a lokacin, haske ya wadata, kana iya ƙirga idon ragar. Da waya ce a hannuna da ina can na ƙanƙame ta a ƙirji, hoton da zan samo daga sama ne, irin wanda kowa yake da shi. Ruwa ya fallatso mana, laka ta shafe ta, na tsoma ta a kogin na girgiza na ci gaba.

Zuƙo abin da ke nesa kuwa ba fanninta ba ne. Wasu balbelu sun jeru a kan wani reshe can gaba, na jawo su iyakar ƙarfinta, ninki 4 kacal. Suka fito farare dai, ba gashi ba ido. Lensin a buɗe f/2 yake, in ka zuƙo ƙarshe ya koma f/4.9, wato ƙofar hasken ta tsuke, hasken da ke shiga ya ragu kusan sau 6, ga jirgi yana rawa. Da wannan kyamara ƙafarka ce zum ɗinka, in ba a iya matsawa a haƙura.

Sai na zura ta ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya, iyakar tsawon hannuna, na danna. Na ɗago na duba: launin ƙasa daga kusurwa zuwa kusurwa. Na kunna filas na sake, ya ƙara muni, don hasken yana dukan ɓurɓushin lakar da ke yawo a gaban gilashin ya dawo. Baba ya leƙa ya ce, “To ai ka ga abin da kifi yake gani.” Ba laifin kyamara ba ne, ko ta miliyan nawa ce iyakar abin da za ta gani ke nan. Da muka fito na wanke hannu da ruwan leda da sabulu; ruwan da ya kwanta cikin ciyawa irin wannan shi ne matattarar tsargiya.

Hoton cikin ruwa na gaske a daro na same shi. Tsohon yana da wani babban daro da ya zuba ruwan rijiya yake ajiye kamun safe da rai, karfasa da 'yan tarwaɗa. Na nutsar da kyamarar a hankali na kwantar a ƙasan daron na bar kifayen suka huce. Cikin ruwa komai yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, filin da lensin ke gani kuma ya tsuke, sai ka ja baya fiye da yadda kake zato. Wata karfasa ta zo ta tsaya daidai gilashin. Ƙwayar idonta baƙa da zobe mai ruwan zinariya, ɓawon jikinta jere ɗaya bisa ɗaya, kowanne da bakin layi, har da wani ɗan tabo a leɓenta inda raga ta kama. Tsohon ya daɗe yana kallon sikirin ɗin, ya kira wani matashi da ke wankin babur ya zo ya gani.

Wannan ɗaukar kusa-kusa ita ce baiwar da ba a cika faɗa ba. Tana iya kama abu daga nisan santimita 1, kuma a nan ƙanƙantar sensar ta zama riba, don tana sa abu ya fito sarai daga gaba zuwa baya fiye da yadda babbar kyamara za ta yi. Na kwashe sauran yinin a lambun Gamji, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. Kowa da ya je yana ɗaukar hoto a kan 'yar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin hedikwatar Arewa ta dawo Kaduna, daga baya aka kwanto ta aka kawo nan. Ni ma na ɗauka, hoton ba yabo ba fallasa. Ganyen bishiyoyin baya sun dunƙule sun zama kore ɗaya, abin da ƙananan kyamarori suka saba yi wa ciyawa da ganye. Da na durƙusa na kafa ta a kan wata ƙusa ta jikin gadar, sai ga fenti hawa-hawa, wani ya ɓare ya nuna na ƙarƙashinsa, tsatsa ta yi zane, wata tururuwa tana ratsawa da ɗigon ruwa a bayanta. Wahalar ita ce in ka matsa haka, inuwar kyamarar kanta take rufe abin. Wasu samfuran Ricoh suna da ƙananan fitilu kewaye da lensi saboda wannan. Ni tocilan wayata na haska daga gefe, ya wadatar.

Daga nan abin ya zame mini jaraba. A kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na ɗauki zaren jikin busasshiyar citta, irin wadda ake kawowa daga Kaciya da ƙasar Jaba, na ɗauki ɗinkin wata hula har ana ganin inda allura ta shiga ta fita. Jan attaruhu ne kawai ya fi ƙarfinta, yakan fito jajir ya haɗe ba a ganin lanƙwasarsa, sai in an ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, an rage daga baya a kwamfuta. Na lura kuma 'yan kasuwa ba sa ɗaure fuska in sun gan ta. Babbar kyamara tana sa a ɗauke ka ɗan jarida ko ma'aikacin haraji, wannan sai a ce, “Malam, mu gani.”

Ranar da gari ya washe rana ta buɗe, wata matsalar ta fito: ba ta da ramin leƙawa, sikirin kaɗai ne, cikin rana kuwa fuskarka kake gani a ciki, sai ka yi ta ɗauka da ka. Fitowa daga mota mai sanyi zuwa cikin danshin Kaduna ma yana sa gilashin ya yi raɓa, a jira 'yan mintuna ya washe. Da dare a wurin mai tsire ban ma wahalar da kaina sosai ba, garwashin ya fito, mai tsiren bai fito ba. Batirinta yana ɗaukar hoto wajen 300, in ka kashe GPS ɗinta mai zuƙe caji, kuma tana caji da fawa banki in an ɗauke wuta.

Kowane dare akwai hidimar da ba a tsallakewa. In tabbatar ƙofar batir a kulle take, in jiƙa ta cikin ruwa mai tsabta kamar minti 10, in daddanna maɓallan a ciki don lakar da ta maƙale ta fita, in goge, in bar ta ta sha iska a inuwa. Sai ta bushe sarai nake buɗe ƙofar, bakinta yana kallon ƙasa, in bi siririyar robar da ke kewaye da ita da ido. Duk ƙarfin nan da ake kurantawa a kan wannan robar ya rataya. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ya gitta a kanta, ruwa ya samu hanya. Wasu kamfanonin ma cewa suke a riƙa canja ta duk shekara, abin da mai sayen ta hannu ya kamata ya sa a lissafi kafin ya yi cinikin.

Yaya yana kiwon tarwaɗa a tankunan roba a bayan gida. Ya zauna kusa da ni ina juye hotuna a kwamfuta, bai ce komai ba a kan na suna, bai ce komai ba a kan na Kawo. Da hoton karfasar nan ya fito sai ya ce in tsaya, in ƙara girmansa, ya nuna tabon leɓen da yatsa. Ya ce kifinsa suna fitar da wani farin abu a gefen jiki, duk hoton da ya ɗauka da waya ya tura wa likitan dabbobi ta WhatsApp sai a ce ba a gani, ga tsoron kada wayar ta suɓuce cikin tanki. Muka fita da tocila, ya kamo ɗaya ya sa a bokitin sabon ruwa, na zura kyamarar. Gyambon ya fito da gefensa da launinsa. Ya tura a daren, da safe aka kira shi aka gaya masa ya ware masu ciwon ya kuma canja ruwa.

Da na zo haɗa kaya ban gan ta a inda na ajiye ba.

“Yaya, ina kyamarata?”

“Tana nan. Ka bar ta sai na kwashe kifin nan, in ya so ka zo da kanka ka ɗauka, ka ga 'yarka ta yi wayo.”

Na nuna wa babban ɗansa yadda ake duba robar, na sa ya maimaita a gabana, na ce duk wanda ya buɗe ƙofar batir da jiƙaƙƙen hannu ni da shi ne. Caja ma sai da Yaya ya bi ni har bakin Keke ya karɓe.